Fina-finan allon kiran aljanu: fim ne kawai ko akwai abin da ke ƙasa?

Ɗan_Bukoki:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu duba tare. Kwanan nan fina-finan tsoro masu allon Ouija sun cika wayoyin yaran unguwarmu, in ka je wajen masu tura fim a waya su ne a gaba. Labarin kusan ɗaya ne kullum: matasa sun samu allo mai haruffa da lambobi, kowa ya ɗora yatsa a kan wani ɗan katako, a tambaya ko akwai wani a ɗakin, katako ya fara tafiya daga harafi zuwa harafi, daga nan gida ya rikice har a rasa rai. Ni a ganina fim ne kawai, neman kuɗi ne, kuma yaron da ya mallaki hankalinsa ban ga dalilin hana shi kallo ba. Amma a fadarmu wasu sun rantse allon yana aiki, har wani ya ce kallon fim ɗin kansa yana jawo mutanen ɓoye cikin gida. Wanda ya san wani abu a kai ya faɗa mana.

Zara_Talladje:
Wa alaikumus salam. A'uzu billahi. Ni ko hoton allon ba na son gani, balle a kunna mini fim ɗinsa a ɗaki.

Mushe_Harobanda:
Ɗan_Bukoki, bari in fara da asalin abin, don da yawa suna zaton wani tsohon kayan tsafi ne da aka tono daga kabari. A birnin Baltimore na Amurka aka fara sayar da shi a 1890, kuma wani lauya mai suna Elijah Bond ya samu takardar mallakarsa a 1891. Kayan wasan falo aka ɗauke shi tun farko. A 1966 kamfanin Parker Brothers, masu wasan Monopoly, suka saye shi, yau kuma yana hannun Hasbro, kamfanin kayan wasan yara. Shi wannan Hasbro yana cikin waɗanda suka shirya fim ɗin Ouija na 2014. Wato mai sayar da allon da kansa ya sa hannu a fim ɗin da ke cewa allon yana kisa. An kashe wa fim ɗin wajen dalar Amurka miliyan 5, ya dawo da sama da miliyan 100. Ta fannin kasuwanci kam ina bayanka.

Abdul_Lazaret:
Mushe, kasancewar kamfani ne ya ƙera ba hujja ba ce. Wuri ma a kasuwa ake sayo shi, amma mai duba da shi yake aiki. Abin da aka yi nufi da kayan shi ne abin dubawa. Mutum huɗu sun kashe fitila, sun zauna suna kiran abin da ba su gani ba ya zo ya amsa musu. Kana tsammanin ba mai jin su?

Malam_Garkawa:
Bismillah. Ku ba ni dama in raba magana gida biyu, don na ga ana cakuɗa su.

Ta farko, mamaci ba shi dawowa. Fina-finan ga duk an gina su bisa cewa uba ko ƙawa da ta rasu na iya komowa ta yi magana ta cikin allo. Allah ya ce cikin Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, mai mutuwa zai roƙi a mayar da shi duniya a ce mishi a'a, kuma a bayansu akwai shamaki har ranar da za a tashe su. To duk wanda ya zauna gaban allo shina kiran mahaifinshi, ba mahaifinshi ne ke amsawa ba, wanga babu shakka cikinai.

Ta biyu, aljanu gaskiya ne, sura guda Allah ya saukar da sunansu. Cikin aya ta 6 ta surar an faɗi cewa wasu mazan mutane sun kasance suna neman tsari da wasu mazan aljanu, sai sunka ƙara musu wahala. Kuma aljani bai san gaibu ba. Annabi Sulaiman ya rasu shina dogare da sandarshi, aljanu na ta aikin wahala ba su sani ba sai da gara ta cinye sandar ya faɗi, ku duba Suratu Saba aya ta 14. Saboda haka mai tambayar allo yaushe za ya yi aure ko wa za ya mutu, abin da shika yi duba ne, ɗan uwan bugun ƙasa. Hadisin Muslim ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarshi ta dare arba'in. Ko katakon ya motsa ko bai motsa ba, niyyar ta riga ta ɓaci.

Zara_Talladje:
Allah ya saka da alheri Malam. To kallon fim ɗin fa? Shi ne abin da aka tambaya tun farko.

Malam_Garkawa:
Ban san wani nassi da ya ce kallon hoto na shigo da aljani cikin gida ba, kuma ba ni faɗin abin da ban da hujjarshi. Abin da na sani, yaron da ya yi kallo har ƙarfe biyu na dare ba shi tashi asuba, kuma tsoron wanin Allah na cika mishi zuciya. Wanga ma ya isa illa.

Mushe_Harobanda:
Abdul_Lazaret, ga amsar tambayarka game da abin da ke motsa katakon. An yi binciken nan tun kafin a ƙera allon. A ƙarni na 19 Turawa sun rungumi wani yayi na zama kewaye da tebur, kowa ya ɗora hannu, tebur ya fara juyawa, a ce matattu ne. A 1853 Michael Faraday, masanin nan na lantarki a Ingila, ya jera kwalaye a kan teburin ya manne su da wani danko mai taushi, ya sa mutane suka ɗora hannu a kan na sama. Da tebur ya motsa sai aka ga kwalin sama, wanda ke taɓa hannu, shi ya riga gusawa. Da tebur ne ke jan hannu, na ƙasa ne zai riga. Ya kuma haɗa wani ɗan tsinke da ke nuna wa mutanen duk lokacin da hannunsu ya tura, kuma da suna ganinsa sai motsin ya tsaya. Mutanen ba ƙarya suke yi ba, da gaske ba su ji suna turawa ba. Shekara guda kafin haka, a 1852, wani likita William Carpenter ya bayyana yadda tunani kaɗai ke sa tsoka ta yi ɗan motsi ba tare da mai ita ya sani ba.

A kan allo haka abin yake. Yatsu huɗu ko biyar a kan abu marar nauyi, kowa yana jiran wata amsa. In harafi biyu na farko suka yi kama da farkon wani suna da duk suka sani, sauran haruffan hannuwansu ne za su ƙarasa. Shi ya sa in aka rufe wa masu wasan ido aka juya allon ba su sani ba, katakon yana zuwa inda suke zaton harafi yake, abin da ke fitowa ba ya karantuwa.

Abdul_Lazaret:
Na ji. Amma wannan ya nuna abin da ya faru a ɗakin Faraday ne. Bai nuna cewa duk inda aka yi a duniya haka ne ba. Shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar jini, hadisi ne. Me zai hana shi ya tura hannun?

Mushe_Harobanda:
Wannan kuma ba abin da ma'auni zai auna ba ne, ba zan yi maka gardama a kai ba. Abin da nake cewa kawai, duk inda aka gwada da lura, hannun mutum aka kama.

Madam_Kolej:
Ni malamar makaranta ce a nan Yamai, kuma maganar nan ta taɓa ni sosai. Waɗanda ke cewa fim ne kawai, ina so su zo su tsaya a farfajiyar lakwal ranar da 'yan mata suka fara faɗuwa. A 2015 lokacin da wasan nan na Charlie Charlie ya bazu a intanet, yaranmu ba su buƙaci allon Amurka ba. Takardar kaye ɗaya, a rubuta i da a'a, a gicciye fensir biyu, shi ke nan. Fensirin sama numfashi kaɗai yana juya shi, ko iskar taga. Amma yarinya 'yar aji biyu ba ta san wannan ba. Ta ga ya juya, ta ƙwalla ƙara, ta faɗi. Ta kusa da ita ta gani ita ma ta faɗi. Kafin surbeyan ya iso aji uku sun watse, iyaye sun cika ƙofa, wasu da malamansu na ruƙiyya. Ranar ba a yi karatu ba, washegari ma rabin 'yan matan ba su zo ba, kuma akwai wadda mahaifinta bai sake barinta ta dawo ba. Wannan yarinyar tana da ƙoƙari ƙwarai. Har yau in na tuna ta raina yana ɓaci.

Kun san dai faɗuwar 'yan mata a makarantu ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, abin da 'yan jarida ke kira génie tchatcheur, wato aljani mai surutu, ya riga fina-finan nan zuwa. Amma wanda ya zuba wa yara irin wannan kallo a waya, ya ƙara wa wuta itace.

Majo_Hadiza:
Madam ta faɗi gaskiya. Ina aikin jinya, ana kawo mana irin waɗannan yaran. Yawancinsu numfashi ne suke yi da sauri saboda firgita, sai yatsu su ƙage, leɓe ya yi sanyi, kai ya yi jiri. In aka raba su da taro, aka zaunar da kowace ita kaɗai aka kwantar mata da hankali, sai ta dawo daidai. Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren. Yaro mai farfaɗiya, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai da damina yana fizge-fizge, sai a ce ai ya kalli fim ɗin aljanu, a kwana ana hayaƙi. Farfaɗiya tana da magani, zazzaɓin da ya hau kai kuma ba ya jira. Ku yi addu'a, ku yi tofi, ba wanda ya hana, amma ku kawo yaro likita a duba shi a ranar.

Ibro_Wadata:
To ni dai ina da tambaya ga Majo. Na kalli Verónica ni kaɗai da dare an yanke kuran, da na kwanta sai na farka na kasa motsi, na kasa magana, kuma na ji kamar akwai mutum tsaye bakin ƙofa. Wannan fa?

Majo_Hadiza:
Dannau ne, ƙanena. A lokacin mafarki jiki yana kulle tsokoki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci ƙwaƙwalwa ta riga jiki farkawa, sai ka ji kana ji kana gani amma ba ka iya ɗaga ko yatsa, kuma ragowar mafarkin ya haɗu da ɗakin da kake ciki. Rashin isasshen barci da damuwa da kwanciya rigingine suna ƙara shi. Yana wucewa da kansa cikin ɗan lokaci. In ya yawaita har yana hana ka sukuni ka je a gan ka.

Malam_Garkawa:
Kuma ka riƙa karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi kahin ka kwanta, ka tohe hannu ka shahe jiki. Sunna ce ko ka yi kallo ko ba ka yi ba.

Sani_Sinima:
Tunda Ibro ya ambaci Verónica. Fim ɗin Sifaniya ne na 2017, Paco Plaza ya ba da umarni, an kafa labarin a Madrid a 1991. Yarinya ce da mahaifinta ya rasu, ita ke riƙe da ƙannenta uwar tana wajen aiki, ranar husufin rana ta sauka ɗakin ƙasa na makarantarsu da ƙawaye biyu don ta yi magana da shi. A ganina ya fi Ouija na 2014 nesa ba kusa ba, don kafin aljani ya fito ka riga ka tausaya wa yarinyar. Haka ma Ouija: Origin of Evil na 2016, na Mike Flanagan. Wata mata ce da mijinta ya rasu, a Los Angeles a 1967, ita da 'ya'yanta mata biyu suna damfarar mutane da sunan kiran matattu, da igiyoyi da dabaru a ƙarƙashin tebur, har ranar da ta shigo da allon cikin sana'ar.

Ku lura da wani abu. A fina-finan da suka yi kyau, wanda ke taɓa allon kusan kullum mai makoki ne. Ba neman aljani ya fita yi ba, kewar wani ce ta ishe shi. Nan ne suke kama mai kallo. Duk wanda ya taɓa binne nasa ya san yadda ake so a ce ko kalma ɗaya a sake ji.

Zara_Talladje:
Wallahi wannan gaskiya ne. Allah ya jiƙan iyayenmu.

Ibro_Wadata:
Amin. Amma Sani, a farkon Verónica sun rubuta cewa daga rahoton 'yan sanda aka ɗauko labarin. Haka The Conjuring ma an ce labarin gaske ne. Ƙarya suke yi ke nan?

Sani_Sinima:
Akwai rahoton 'yan sanda a kan wani gida a unguwar Vallecas ta Madrid, kuma akwai yarinyar da ta rasu, wannan haka ne. Amma abin da ka gani a fim marubuci ne ya tsara shi, ya canza sunaye ya ƙara abin da ya ga zai tsorata. The Conjuring na 2013 kuma daga bakin Ed da Lorraine Warren aka ɗauko, mata da miji da suka yi suna a Amurka da binciken gidajen da ake cewa akwai fatalwa, kuma tun suna raye mutane da yawa sun ƙaryata labaransu. Wannan rubutun na farkon fim yana daga cikin tallan. Paranormal Activity na 2007 ma an yi shi kamar bidiyon da wani saurayi da budurwarsa suka ɗauka a gidansu, alhali 'yan wasa ne, kuma kuɗin ɗaukarsa wajen dalar Amurka 15,000 ne kacal, ya tara kusan miliyan 200.

Wanda ya ɓata sunan allon tun asali shi ne The Exorcist na 1973. A ciki yarinya 'yar shekara 12 tana wasa da allon ita kaɗai kafin aljani ya shige ta. Kafin wannan fim ɗin iyalai da yawa a Amurka wasan hira suka ɗauke shi.

Mushe_Harobanda:
In ƙara a kan maganar Sani. Shi kansa yayin kiran matattu na Amurka ya samo asali ne daga wasu 'yan mata 'yan gida ɗaya, 'yan gidan Fox, a jihar New York a 1848, da suka ce wani mamaci yana amsa musu da ƙwanƙwasa. A 1888 ɗaya daga cikinsu, Margaret, ta tsaya gaban jama'a ta nuna cewa da gaɓar yatsan ƙafarta take yin ƙarar. Daga baya ta janye maganar, amma ta riga ta nuna yadda ake yi.

Rabi_Yantala:
Ni fa na Turawan nan ba su cika firgita ni ba. Gidan katako mai bene, ɗakin ƙasa, limamin coci da gicciye, duk ba rayuwarmu ba ce. Waɗanda suka hana ni barci su ne na Turkiyya, Dabbe da Siccin. Can za ka ji kiran salla, ka ga tsohuwa da carbi, ka ga an binne laya da gashi da ƙwaɗo an yi wa mace sammu saboda kishi. Wannan kam ka san shi, ka taɓa jin an ce an yi wa wance.

Sani_Sinima:
Haka ne Rabi. Dabbe na farko ya fito a 2006, na Hasan Karacadağ, Siccin kuma a 2014. Indonesiya ma suna da nasu, Jelangkung na 2001, kuma su ba allo suke amfani da shi ba, wani ɗan mutum-mutumi ne da ake haɗawa da ƙoƙon kwakwa. Kowace al'umma da abin da take tsoro take yin fim.

Malam_Garkawa:
Waɗanga na Turkiyya su sunka hi damuna bisa na Amurka. Suna sa ayoyin Alƙur'ani cikin fim ɗin tsoro, wani lokaci a nuna malami ya karanta aljani ya rinjaye shi. Yaro ya tashi da tunanin sihiri ya hi ƙarhin addu'a. Ga shi suna koya ma mutane zargin dangi, duk abin da ya samu mutum a ce kishiya ce ko gwaggo.

Rabi_Yantala:
Malam zargin nan ai tun kafin fim muna da shi. Amma na yarda suna ƙara shi.

Ɗiyar_Dutsi:
Ina karanta ku tun ɗazu. Kakata ta wajen uwa 'yar bori ce a Dogondutsi, na tashi ina ganin wasa. Ba ina kare shi ba ne, ni ban bi hanyar ba, amma akwai abin da ya kamata a sani. A bori ba a kiran wanda ba a sani ba. Kowane iska da sunansa da kiɗansa da kayansa, Sarkin Rafi daban, Ɗan Galadima daban, Doguwa daban. Mai goge ya san taken kowa. Ba a hawa kan mutum sai an yi masa girka, kuma akwai manya a wurin da suka san yadda ake sallama. Ko kakata da ke cikin abin, da ta ga yara sun zauna suna cewa duk wanda ke nan ya zo, da ta kore su da sanda. Abin da ke ba ni mamaki, yaran da za su ce bori ƙauyanci ne su ne ke zana allo a takarda don sun gani a fim.

Abdul_Lazaret:
Da bori da allo duk hanya ɗaya ce, neman taimakon wanin Allah. Tsari bai mayar da shi halal ba.

Ɗiyar_Dutsi:
Ban ce halal ba ne, ɗan uwa. Na ce ko waɗanda suka yarda da abin ba su ɗauke shi wasan yara ba.

Baba_Tawa:
Ɗiyana, ku bar ni in sa baki, ko da na girme ma wanga zance na waya. Kuna ta lissahin fina-finan waje awa mu ba mu da masu sinima. Moustapha Alassane nan Tawa ya zamna shekaru masu yawa, mun san shi, ya rasu 2015. Tun shekarun 1970 ya yi Toula, daga labarin Boubou Hama: fari ya ishi ƙasa, anka ce sai an ba aljanin ruwa budurwa kahin a samu ruwa. Babu abin da ke tsalle ya ba ka tsoro cikin fim ɗin, amma in ka kalla za ka kwana kana tunani, don mu da munka ga fari mun san abin da ƙishirwa ka sa mutane su yarda da shi. Jean Rouch kuma, wani Bafaranshe mai sinima, ya ɗauki 'yan Hauka, masu wani irin bori, mutanenmu da sunka tahi ci-rani Ankara ta Gana, cikin Les Maîtres fous na 1955. Shi Rouch nan ƙasar ya rasu, haɗarin mota kusa da Ƙwanni a 2004, Yamai anka rufe shi. Ɗiyanmu nawa sunka taɓa ganin waɗanga?

Sani_Sinima:
Baba, kaɗan ne ƙwarai, kuma masu tura fim ba su da su. Ni kaina ina ganin da matasanmu masu kyamara za su ɗauki labarin tsamiyar bayan gari, ko gidan da aka ce ana jifa da dare, su yi shi da natsuwa, da ya fi abin da ake yi yanzu na shafa wa mutum farin gari a fuska a sa masa jan ido da kwamfuta.

Zara_Talladje:
A'a don Allah. Na waje ma ya muka ƙare da su, balle a yi da Hausa a unguwa irin tamu.

Ɗan_Bukoki:
Na gode wa kowa, amma mun yi nisa da tambayar. A kan allon, bayanin Mushe ya gamsar da ni, kuma hukuncin da Malam ya kawo ba ni da ja a kai, ba abin taɓawa ba ne. A kan kallo kuwa har yanzu ina nan a kan bakana ga babba. Na kalli da yawa ban ga komai ba. Labarin Madam_Kolej na yara ne 'yan shekara 12 ko 13. To ina iyakar take? Wa zai ce wannan ya isa kallo wannan bai isa ba?

Madam_Kolej:
A tele aƙalla akwai alamar -12 da -16 a gefen hoto, uwa tana wucewa ta gani ta canza tasha. Waya ba ta da wannan. Mai turi ba ya tambayar shekaru, yaro ya ba da dala ashirin, wato sefa 100, a cika masa kati. Kuma ko ka hana naka, na kusa da shi a aji yana da shi. Abin da na ga yana aiki shi ne bayani. Na taɓa ɗora fensir biyu a gaban aji na hura a hankali daga nesa, suka ga ya juya. Daga ranar 'yan ajin nan ba su sake firgita da shi ba.

Abdul_Lazaret:
Madam, da kin yi bayani da baki ya isa. Yin abin a gabansu, ko da niyyar ƙaryatawa, ni ban natsu da shi ba.

Madam_Kolej:
Ban kira kowa ba, ban rubuta komai a takarda ba. Fensir biyu ne da numfashi, darasin kimiyya ne.

Hajiya_Bobiel:
Ni uwa ce, 'ya'yana biyar. Dokar gidana wayoyi suna kwana a ɗakina, kuma fim ɗin tsoro ba a kallonsa sai da babba a wurin, da rana. Ƙaramar ta taɓa gani a wajen maƙwabta, ta daina zuwa makewayi ita kaɗai da dare, ta koma fitsarin kwance bayan ta daɗe da bari. Ɗan_Bukoki, kai ka kalla ba ka ga komai ba, amma in ka kunna a tsakar gida ba kai kaɗai ke kallo ba, akwai na bayan labule.

Ibro_Wadata:
Wani abu da na gwada bayan abin da ya same ni: in ka kashe sauti, rabin tsoron ya tafi. Shirun da suke yi kafin su buga ƙara shi ne ke tsinka zuciya.

Sani_Sinima:
Haka ne, aikin masu haɗa sauti ne. Amma wannan yana maganin firgitar lokacin kallo ne kawai. Abin da Hajiya ke faɗa yana zuwa ne bayan an kashe waya.

Ɗan_Bukoki:
Hajiya na ji maganarki, a tsakar gida ba zan kunna ba. Amma saurayi ɗan shekara 17 da wayarsa a aljihu, ban ga yadda za a yi da shi ba in ba a zauna an yi masa irin bayanin Mushe da na Malam tare ba.

Abdul_Lazaret:
Na Malam ya wadatar. In ka ce wa yaro hannunsa ne kawai ke turawa, gobe zai ce bari ya gwada ya gani.

Mushe_Harobanda:
In kuma ka ce masa aljani ne tabbas, ranar da abokinsa ya juya fensir a gabansa zai faɗi sumamme, kamar yaran Madam. Ni ɗalibaina ina gaya musu duka biyun: addini ya hana, kuma ga yadda motsin yake faruwa.

Majo_Hadiza:
Ibro_Wadata, in dannau ɗin ya sake dawowa ka gwada kwanciya ta gefe, ka rage shayi mai ƙarfi bayan isha'i. Hajiya, ita kuma ƙaramar kada a yi mata faɗa a kan fitsarin, a bar mata fitila, a raka ta makewayi kafin ta kwanta. In ya ɗauki lokaci bai daina ba ku kawo ta a duba fitsarin, don wani lokaci ciwon mara ne ya haɗu da tsoron.